Kalandar Ganin Wata da Takardar Kamfani

Ranar sunan 'yar ɗan'uwanku Nura ina zaune a soro na jiyo ku ta taga, ɗayanku yana cewa ai da ba don Mama ta kafe ba, da tuni a ƙasar Larabawa kuka tashi. Ba zan faɗi wanda ya yi maganar ba, ya san kansa. Ban tanka ba saboda akwai baƙi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ba ta nan balle ta kare kanta, kuma ko tana nan na san halinta, murmushi za ta yi ta ce a ƙyale yara. To, ni ba zan ƙyale ba. Ku zauna ku karanta yadda abin ya faru, tun da ni ne na ƙi sa hannun, ba ita ba.

Daga Ringim na zo Dutse lokacin da aka ƙirƙiro jiha, ina ɗan akawu mai buga tafireta. Garin a lokacin ban da duwatsu da dabino ba abin da za ka nuna wa baƙo, ofisoshi ma a gidajen haya suke, mu uku a kan tebur ɗaya. Kwamfutar farko da aka kawo mana ta yi wata biyu a lulluɓe da ƙyalle, kowa na tsoron ya taɓa ta lalace a ce shi ne. Ni na yaye ƙyallen, don ni tun ina yaro ba a ajiye abu a gabana a ce kar in taɓa. Da littafinta da tambaya da ɓata aiki na koya. Kafin intanet ta iso garin, a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, duk wanda kwamfutarsa ta yi gardama a sakatariya ni ake aikowa a kira.

Dole in yi muku bayanin abin da muke aiki da shi, don ku kun tashi kun tarar da komai a waya, kuna zaton daga sama ya faɗo. Akwai wata manhaja da ake gina shafukan intanet da ita. Ba mutum ɗaya ya rubuta ta ba, mutane ne barkatai daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu ba su taɓa ganin juna ba. Ba a sayar da ita. Kowa yana iya ɗauka, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, ya gyara abin da bai yi masa ba, da sharaɗi ɗaya tak: in ka gyara za ka ba mutane, ka bar ta a buɗe yadda ka same ta. Aikin gayya ne, sai dai gonar ta kowa ce. Muna da zaure na imel, in ka rubuta wasiƙa ɗaya duk masu aikin sun gani. Bayan aikin kuma akwai wani kamfani na Turawa. Ba zan zalunce su ba, sun yi ƙoƙari. Su ke biyan albashin manyan masu kula da manhajar, a kan kwamfutocinsu ake ajiye ta, kuma da muka yi kuka cewa layinmu ba zai iya sauke sabon fitowa ba, a faifai suka riƙa aiko mana ta gidan waya, ba su taɓa gajiya ba.

Mu shida ne a Dutse. Bayan la'asar muke haɗuwa a wani shagon intanet kusa da sakatariya, mu bi layi kamar kowa, shafi ɗaya sai ka sha shayi kafin ya buɗe. Wanda ya fi mu kaifin kai shi ne Isiyaku, malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare, na girme shi da kusan shekara goma. Ranar da za mu aika gyaranmu na farko zaure, sai muka tarar ana rubuta sunan mai aiki a saman kowane rubutu. Isiyaku ya ɗaga hannunsa daga kan maɓallai ya waiwayo.

"Sunan wa za mu sa?"

Duk suka juyo suka kalle ni. Wani ya ce, "Ai tambayar ma ba ta taso ba, ga Yallaɓai a zaune."

Haka aka sa sunana, kuma haka aka ci gaba. Ba wanda ya ga aibu a ciki, har ni. A wurinmu yaro ba ya jera sunansa da na babba, in an kai gudummawa gidan biki da sunan maigida ake kaiwa, ko da kowa ya sa hannu a ciki. Adireshin imel ɗinmu ma ɗaya ne. Su Turawan zaure kuwa abin da suka gani a rubuce shi suka ɗauka: akwai wani mutum ɗaya a Jigawa mai hannu goma sha biyu. Suna ta yabona, ni kuma, in faɗa muku gaskiya, yabon yana yi mini daɗi ƙwarai.

Sai ga azumi. Mun yi wa wata ƙungiyar makarantun Islamiyya shafi, muka sa masa kwanan watan Musulunci a sama don ya yi kyau. Manhajar da lissafi kawai take tafiya, wata ɗaya talatin, na biye ashirin da tara, ba ruwanta da an gani ko ba a gani ba. Ranar da muke azumi na talatin, shafinmu ya wayi gari yana cewa ɗaya ga Shawwal. Wani dattijo daga cikin shugabannin ƙungiyar ya tako har ofis, ya zauna, muka gaisa tsaf, sannan ya ce:

"Malam, na zo yi wa kwamfutarka barka da Salla ne. Na ji ita ta sha ruwa tun jiya, ta bar mu da ƙishirwa."

Ofis ya fashe da dariya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A shekarun nan ba a wasa da irin wannan, don dama ana ta wa'azi cewa intanet matattarar shaiɗanu ce, yanzu ga shi ta fara yanke wa mutane azumi. Na dawo gida raina a ɓace na ba mahaifiyarku labari. Kun san lissafi take koyarwa a makarantar 'yan mata, amma ba ku san yadda aka yi ta iya rubutun manhaja ba. A tsohuwar kwamfutar da ke ɗakina ta koya, ranakun Asabar da Lahadi, daga littattafan da nake barwa a kan tebur. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in bar mata takardun da na buga na wannan ɓangaren ta duba.

Wata uku tana kai. A littafin rubutu na 'yan makaranta take fara tsarawa da fensir, bayan ta gama duba aikin ɗalibanta, sannan ta zauna ta shigar. Abin da ta yi shi ne ta raba lissafi da gani. Manhajar za ta yi hasashen ranar da ake sa ran wata, amma ba za ta juya kwanan ba sai mai kula da shafi ya gaya mata an gani. In an gaya mata, sai ta gyara duk ranakun da ke gaba da waɗanda suka wuce ba tare da ta rikita komai ba, kuma kowane gari yana iya bin ganinsa. Faɗa da baki yana da sauƙi. Ni da Isiyaku mun gwada mun kasa. Da ta gama na ɗauka a faifai na kai shago, aka aika da sunana kamar kullum. Ban ma tambaye ta ba, ita ma ba ta ce komai ba. Sunan matar aure a intanet, a wancan lokaci? Ko ni ban yarda ba, balle danginta na Miga.

Wannan kalandar ce ta ɗaga sunana. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga Sudan, daga Senegal, daga ƙasashen da sai na duba taswira, kowa na godiya, wasu na neman ƙari. In kawo mata tambaya a takarda, ta amsa, in je in buga da sunana. Shekara huɗu muna haka.

Ana nan sai kamfanin ya yi sanarwa a zaure. Sun ce sun daɗe suna ɗaukar nauyi, yanzu za su raba manhajar gida biyu: tsohuwar tana nan kyauta, amma sabon aiki mai kyau zai tafi cikin wata rufaffiya da za su riƙa sayar wa bankuna da gwamnatoci. Don haka duk wanda ya taɓa sa hannu a aikin ya cika wata takarda ya miƙa musu haƙƙinsa. Ni kuwa wasiƙa ta daban Baturen da ke jagorantar aikin ya aiko mini. Kalandar suke so, don a ƙasashen Larabawa suke sa ran ciniki. Sun yi mini tayin aiki a ofishinsu na can, da gida, da iyali. Abokan aikina na Dutse kuma za a kafa musu farantin setilayit nasu na kansu, su huta da bin layi. Abin da ya rage kawai in sa hannu a ƙarƙashin layi biyu: cewa ni kaɗai na rubuta duk abin da ke ɗauke da sunana, kuma na miƙa shi.

Ranar ban jira tashi ba, da azahar na hau babur na yi gida. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Na ba ta labari a tsaye, ko zama ban yi ba. Ta yi murna, ku ji da kyau, ta yi murna. Har ta ce ashe za ta yi Umara ba sai ta jira kujerar kowa ba. Sai ta share hannunta ta ce in karanta mata takardar. Na karanta, na fassara. Ta ce in maimaita layi biyun nan. Na maimaita. Ta ci gaba da tsintar wakenta, har na fara ƙosawa.

"Malam, akwai abin da ban gaya maka ba," in ji ta. "Kalandar nan ba tawa ba ce."

"Ba taki ba ce kamar yaya? Ina kallo kika rubuta ta."

"Ni na rubuta. Amma ranar da na fara, kafin in ɗora fensir a takarda, na yi niyya. Na ce duk wanda ya amfana da ita, Allah ya kai ladan kabarin Baffa. Sadaka ce na yi masa."

Baffa shi ne kakanku na Miga, ya rasu shekara guda kafin ta fara kalandar. Ku ba ku san shi sosai ba. Makiyayi ne da ya zauna ya kama noma, kuma a ƙauyensu shi ake turawa duban wata saboda kaifin idonsa. Tana ƙarama yakan tafi da ita bayan gari ya nuna mata inda ake kallo, shi ya koya mata ƙirga kwanaki, kuma shi ya tsaya kai da fata ta yi karatu lokacin da 'yan'uwansa suka ce a'a. Duk na san wannan. Amma a lokacin ba Baffa nake gani ba, jirgin sama nake gani. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya.

"Shekara huɗu, ba ki taɓa gaya mini ba sai yau?"

"Ai ba a shelar sadaka."

"To yanzu me kike so in yi? In ce wa mutane su riƙe aikinsu?"

"Ban ce ba. Hannun naka ne, Malam, ba zan riƙe shi ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Ka tambaye ni ne shi ya sa na faɗa. In ka sa hannu zan haɗa kaya in bi ka duk inda ka ce."

Ga maganarta nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ku nuna mini inda ta kafe. Ni ne na yi mako guda ina cin abinci ban ce sannu ba, ina fita ban ce na tafi ba. Ita kuwa ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

A shago na gaya wa abokan aiki halin da ake ciki. Sauran huɗun suka ce su dai sun yafe nasu, in sa hannu kawai. Isiyaku ne ya tashi tsaye. Shi ya fi kowa buƙatar farantin nan, don ya fara samun aikin gina shafuka daga Kano, layin shago yana sa shi saɓa alkawari.

"Yallaɓai, don Allah wa aka cuta?" ya ce. "Tsohuwar tana nan kyauta, ba wanda ya ƙwace ta. Kuma waɗannan mutanen shekara nawa suna ciyar da aikin nan? Faifan da suke aiko mana, kakanmu ne ya biya? Yau sun ce a taimaka musu su ma su ci, sai mu ce mun yi sadaka? Ai Malama matarka ce, abinta naka ne."

Maganarsa ta shige ni, don rabinta gaskiya ce. Ita na riƙe na hau mota ranar Asabar na tafi Kafin Hausa wurin malamina, wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, wanda na yi karatun littattafai a gabansa ina saurayi. Ba zan ɓoye muku ba, ƙofa na je nema, ba hukunci ba. Na ma tsara yadda zan ba da labarin don ya fito yadda nake so. Na same shi a zauren gidansa da hantsi. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba a rayuwarsa, na yi ta zuba bayani yana gyaɗa kai, har na ɗauka barci yake. Da na gama sai ya buɗe ido.

"Wannan abin, in wani ya ɗiba, yana raguwa?"

"Ba ya raguwa, Allah ya gafarta Malam."

"Ikon Allah. To da ta bayar, an karɓa? Akwai waɗanda suka riga suka sa shi a aikinsu?"

"Da yawa, har a wasu ƙasashe."

"To ya fita daga hannunta. Ko ita ba ta da ikon janye shi, balle kai. Attajiri yana iya shan ruwan rijiyar da aka haƙa don Allah, har ya shayar da dabbobinsa, ba mai hana shi. Abin da ba zai yi ba shi ne ya sa mata murfi da kwaɗo. Ka ce wa kamfanin su ɗiba kamar kowa."

Na fara kawo maganar Isiyaku, cewa ai tsohuwar tana nan. Ya ɗaga hannu.

"Bar wannan tukuna, wannan ana iya zama a tattauna. Karanta mini layin farko na takardar." Na karanta. Ya ce, "Kai ka rubuta?"

"Na gyara wasu wurare, kuma ni nake—"

"Ban tambaye ka gyara ba. Kai ka rubuta?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce shekara talatin yana zaune a kotu, ya ga masu rantsuwa a kan gona da saniya, bai taɓa zaton zai ga ɗalibinsa ya hau mota ya zo neman izinin shaidar zur ba. Bai ɗaga murya ba, har fura ya sa aka kawo mini. Ban iya sha ba.

A mota ina dawowa na yanke shawara, ni kaɗai, ba ta nan, ba ta ma san inda na je ba. Da na iso na same ta na ce ba zan sa hannu ba, kuma ba zan tsaya nan ba, zan rubuta a zaure kowa ya san wa ya yi me. Na tambaye ta ko ta yarda in sa sunanta. Ta daɗe tana tunani, don ita sirrin ta fi so. Sannan ta ce tun da gaskiyar ba za ta cika ba sai da shi, in sa, amma in rubuta shi cikakke, da sunan mahaifinta a jiki. A nan na ba ta haƙurin makon da na yi ina fushi. Ta ce ita dai waken ta tausaya wa, don ranar sau biyu ta zuba masa gishiri.

Ran Litinin bayan la'asar na bi layi a shago na rubuta wasiƙar. Na jera sunayen mu shida da abin da kowa ya yi. Na ce kalandar matata ce ta rubuta daga farko har ƙarshe, kuma ta bayar da ita don Allah saboda mahaifinta, don haka ba mai ikon miƙa ta a rufe. Na ce kamfanin ya ɗauka ya yi amfani da ita a buɗe kamar kowa, muna maraba. Na gode musu da faifan da suka yi ta aiko mana. Sannan na danna na aika.

Abin da ya biyo baya ba daɗi, kuma ba zan shafa masa mai ba. A zaure wasu suka yaba, amma wasu suka wanke ni tas: mutum ya yi shekara huɗu yana karɓar godiya a kan aikin matarsa da na ƙannensa. Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa a wurinmu girmamawa ce, wani ya amsa da cewa a wurinsu sata ake kiranta. Wannan kalmar ta yi mini ciwo, don na san ko da al'ada ce ta sa sunan, ni ne na ji daɗinsa na yi shiru. Baturen ya rubuto cikin ladabi ya ce tayin aikin dama don mai kalandar aka yi shi, saboda haka ya koma kan mahaifiyarku, in za ta sa hannu. Na kawo mata wasiƙar har gida, na ce ta yanke da kanta, ba zan ce uffan ba. Ta ce in amsa masa cewa ta gode, amma ba a sayar da abin da aka riga aka bayar. Wannan shi ne kaɗai ƙin da ta yi, kuma bayan na riga na rufe tawa ƙofar da hannuna ne.

Kamfanin bai durƙushe don mun ƙi ba. Suka sa ma'aikatansu suka rubuta tasu kalandar cikin 'yan watanni, suka yi cinikinsu. Faranti bai zo ba, faifai ma ya daina zuwa. Masu aikin suka rabu biyu, waɗanda suka sa hannu suka bi kamfani, mu da muka ƙi muka ci gaba da buɗaɗɗiyar, mu kaɗan, ba mai albashi, gyaran da a da ake yi a mako ya koma wata uku. A nan na gane nauyin da kamfanin yake ɗauke mana, kuma har yau ba na yarda a zage su a gabana. Ƙungiyarmu ta Dutse ta watse. Isiyaku ya koma Kano, ya yi shekaru in mun haɗu a taro sai ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba, shi ma ya biya kuɗin shawarar da ba shi ya yanke ba. Ni kuma na ƙarasa aikina a ofis ɗin da na fara, a kan babur ɗin da kuke yi wa dariya, ku kuka yi makarantar gwamnati a nan Dutse. Na san abin da na hana ku, ban manta ba. Amma da za a maido ni wancan lokacin a miƙo mini takardar da biro, wallahi ba zan sa ba.

Ita kuwa daga ranar da sunanta ya fito ta daina ba ni amsa a takarda. Da kanta take zuwa shago ran Asabar da safe, da hijabinta, ta zauna a kujerar ƙarshe ta amsa wa mutanen Sudan da Senegal. An yi surutu a unguwa na ɗan lokaci, da aka ga ni nake kai ta in ɗauko ta, aka gaji aka bari. Haka ta riƙe kalandar nan har ciwonta na ƙarshe. Manhajar ta tsufa, duniya ta koma wasu, amma kalandar an cire ta an sa a wasu ayyukan, har yanzu akwai makarantu da masallatai da ke tafiya a kanta.

Bayan arba'in ɗinta na buɗe imel na tarar da wasiƙa daga wani malamin makaranta a wata ƙasa, bai san ta rasu ba. Ya gaishe ta, ya ce sun sabunta kwamfutocinsu kalandar ta daina juyawa, ga Ramadan ya matso, ko Malama za ta duba musu? Na daɗe a zaune ina kallon wasiƙar. Sannan na ɗauko littattafanta na fensir daga cikin akwati, na sa tabarau, na bi rubutunta layi-layi. Abin da za ta yi a yini ɗaya ya ɗauke ni mako uku, amma na gyara, kuma kafin in fara na yi niyya irin tata, na ce ladan ya tafi kabari biyu.

Tun daga nan ni nake amsawa. Sai dai idona ya fara gazawa, bara sai da na kira ɗan maƙwabci ya karanta mini ƙananan rubutun. Ku biyar ne, uku a cikinku da kwamfuta kuke cin abinci. Ba na neman ku yarda cewa na yi daidai, wannan tsakanina da Allah ne. Littattafan suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta, guda bakwai ne. Ɗayanku ya zo ya zauna kusa da ni in nuna masa tun ina gani, don watan Sha'aban wasiƙun suke fara zuwa, kuma har yanzu da sunanta suke sallama.